Ɗalibi mai otizim a jami'a: ina matsi ya tsaya, ina ciwon damuwa ya fara, wane taimako ke aiki?

A watan Afrilun 2025 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce yaro 1 cikin 31 masu shekara 8 a yankunan da ta bincika yana da otizim. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum 1 cikin 127 a duniya baki ɗaya a shekarar 2021. A watan Satumban 2025 kuma shugaban Amurka ya danganta lamarin da shan parasitamol lokacin goyon ciki, OMS ta fito ta ce babu tabbatacciyar hujja a kan haka. Idan irin waɗannan labarai suka iso wayoyin mutane a Yamai, maganar takan tsaya kan ƙananan yara da neman abin da ya jawo. Ba a cika tambayar ina yaran suke in sun girma ba. Wasu sun ci bak, jarabawar gama lise, sun ƙetare gadar Kennedy, suna zaune a amfi, babban zauren darasi, a Jami'ar Abdou Moumouni ko a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Abin da ke kayar da su a can sau da yawa ba karatun ba ne. Matsi ne da fargaba da ciwon damuwa, kuma ukun nan ana iya sauƙaƙa su ko magance su, muddin ba a ɗauke su a matsayin halinsa ne kawai ba.

Kalmomi huɗu da ake cakuɗawa

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun daga ciki. Yana bayyana ta fuska biyu: wahala wajen karanta abin da mutane ke nufi ba tare da sun faɗa ba, da kuma tsananin buƙatar tsari, maimaita abu ɗaya, nutsewa cikin fanni guda, da jin ƙara ko haske ko wari fiye da yadda sauran mutane ke ji. Leo Kanner ya bayyana shi a 1943, Hans Asperger a 1944, kuma tun 2013 littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya haɗa rabe-rabensa ƙarƙashin suna ɗaya. Gado ne ke da kaso mafi girma: wani bincike na 2019 a ƙasashe biyar ya ƙiyasta kusan kashi 80 cikin 100. A kafofin Hausa akan ce galahanga, sai dai kalmar ta haɗa yanayi daban-daban, har da shanyewar jiki da raunin fahimta, shi ya sa uban da ɗansa ke kan gaba a lissafi ba zai taɓa kawo ta a ransa ba. Otizim ba taɓin hankali ba ne, kuma babu ƙwayar da ke cire shi.

Matsi shi ne amsar jiki idan nauyi ya fi ƙarfin mai ɗauka: bugun zuciya, ciwon kai, rashin barci. Idan aka sauke nauyin yakan tafi. Fargaba ta zama ciwo idan tsoron ya ci gaba ko babu abin tsoro a gaba, ya ɗauki watanni, ya hana mutum shiga aji ko hawa faba-faba. Ciwon damuwa, wanda likitoci a Yamai ke kira depresiyo, shi ne baƙin ciki ko mutuwar sha'awar komai kusan kullum, mafi yawan yini, na aƙalla mako biyu, tare da canjin barci da ci, gajiya, ganin kai ba a bakin komai ba, wani lokaci da tunanin mutuwa.

Abin da bincike ya nuna

Wani nazari na 2019 da ya tattara bincike masu yawa a kan manya masu otizim ya sami kashi 27 cikin 100 suna da ciwon fargaba a lokacin da aka duba su, kashi 42 sun taɓa yi a rayuwa. Ciwon damuwa kashi 23 a lokacin, kashi 37 a tsawon rayuwa. Wani nazarin na shekarar ya ce haɗarin ciwon damuwa a gare su ya ninka na sauran jama'a kusan sau huɗu. A Suwidin, binciken 2016 ya nuna mutuwa ta hanyar kashe kai ta ninka fiye da sau bakwai, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda ba su da raunin fahimta, wato daidai irin waɗanda ke kaiwa jami'a. Galibin alƙaluman daga Turai da Amurka suke, don haka a ɗauke su a matsayin manuniya, ba ƙidayar Harobanda, unguwar jami'a a Yamai, ba.

Me ya sa jami'a ta fi lise wuya

A lise, yaro mai otizim yana da abin da ya fi buƙata ba tare da kowa ya shirya masa ba: aji ɗaya, benci ɗaya, jadawali ɗaya daga Oktoba zuwa Yuni, gida ɗaya, tuwon uwa ɗaya. Wasu al'adunmu ma suna rufa masa asiri. Sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, don haka rashin kallon ido ba ya ɗaga wa kowa hankali. Gaisuwa tana da tsari sananne, ina kwana, ina gajiya, yaya gida, ana iya haddace ta. Yarinyar da ba ta son taro sai a yaba mata da kunya. Wannan na daga cikin dalilan da ake makara wajen gano mata, ko da yake bincike na nuna mace ɗaya ce ga kowane maza uku.

Jami'a tana rushe wannan duka a mako guda. Amfi mai ɗaruruwan mutane, lasifika mai ƙugi, fanka, zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga kuran ya ɗauke a tsakiyar darasi. Ga wanda kunnensa ba ya tace sauti, muryar malami da jan kujera da raɗar na baya duk ƙarfinsu ɗaya. Bayan awa biyu ya gaji kamar wanda ya yi noma, alhali bai rubuta shafi ɗaya ba. Ya fito sai layin resto da turereniya, ya koma site ya tarar ɗakin da aka yi wa mutum biyu ya ɗauki fiye da haka, babu lungun da zai yi shiru.

Abin da ya fi ƙara cin rai shi ne rashin tabbas. Masu bincike sun daɗe da gano cewa kasa jure rashin sanin abin da zai faru na daga cikin manyan injinan fargaba ga masu otizim. To ga darasin da aka ɗage da saƙon WhatsApp ƙarfe shida na safe, ga zauren da aka canza, ga yajin aiki da ba a san ranar ƙarewarsa ba, ga shekarar karatu ta hau kan wata, ga buris da ba a san ranar fitarsa ba. Sauran ɗalibai su yi tsaki su koma fada su ɗora shayi. Shi kuwa yininsa ya ruguje, domin a kan wancan jadawalin ya gina dukkan shirinsa.

Sai zaman tare. Yawancin bayanai a jami'a ba a allo suke ba, a bakin mutane suke: wa ke da polikopi, wane babi malam ya ce zai fito, yaushe za a yi rajista. Wanda ba ya zama a fada ba ya ji. Idan ya zauna kuma, ga habaici, ga zolaya, ga wasan taubasai. Bafillace ya ce wa Babarbare bawansa, kowa ya yi dariya, shi ya ɗauka zagi ne na gaske, ko ya gwada ramawa ya wuce gona da iri. Masani Damian Milton ya yi nuni a 2012 cewa rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce, su ma sauran ba sa iya karanta shi, sai dai shi kaɗai ake ɗora wa laifi. Da yawa sukan koyi ɓoye kai: su haddace dariya, su tilasta kallon ido, su danne motsin hannu da ke kwantar musu da hankali. Yana aiki na ɗan lokaci, amma bincike ya danganta wannan ɓoyon da ƙarin fargaba, ciwon damuwa da tunanin kashe kai.

Inda ake kuskuren ganewa

Idan nauyi ya kai maƙura abu biyu kan faru. Ko ya ɓarke da kuka, ihu, buga kai, ko ya ƙame, magana ta ɗauke, ya zauna kamar dutse. A cikin taro nan take za a ce iska ce ta hau shi, a kewaye shi, a danne shi, a ɗaga murya a kunnensa, wato a ƙara masa ainihin abin da ya kayar da shi. Abin yi shi ne a watsa taron, a bar mutum ɗaya da ya sani, a kai shi inuwa inda babu hayaniya, kada a riƙe shi sai in zai ji wa kansa ciwo, kada a jero masa tambayoyi. Idan akwai sanƙarewa da karkarwar jiki da fitar hayyaci, wannan maganar farfaɗiya ce, wadda ta fi yawa ga masu otizim, kuma asibiti take buƙata.

Akwai kuma ƙarewar ƙarfi, wadda wani bincike na 2020 ya siffanta da gajiya mai kai wata uku ko fiye, har mutum ya kasa abin da ya saba yi, kamar wanka ko amsa waya. Ba ta cikin jerin cututtukan da aka amince da su a hukumance, amma bambanta ta da ciwon damuwa yana da amfani domin maganinsu ya saɓa. A tambaye shi game da fannin da ya fi so. Idan har yanzu ransa na so amma jiki ya ƙi, kuma kwana biyu cikin shiru na dawo masa da ƙarfi, ya fi kama da ƙarewar ƙarfi, hutu da rage nauyi ne gaba. Idan abin da yake kwana a kai ya daina yi masa daɗi, kuma kaɗaici na ƙara dulmuya shi, ciwon damuwa ne, kuma barinsa a ɗaki zai ƙara masa. Sukan zo tare.

A gaban likita ma akwai tarko. Kusan rabin masu otizim suna da wahalar sanya wa abin da suke ji suna. A ce masa yaya kake ji, ya ce lafiya lau, kamar yadda kowane Bahaushe zai ce, sai dai shi ba kara yake yi ba, bai san amsar ba. Tambaya mai amfani ita ce mai lamba: awa nawa ka yi barci jiya, sau nawa ka ci abinci, darasi nawa ka rasa a makon nan. Takardun auna damuwa kamar PHQ-9, mai tambaya tara da maki 0 zuwa 27, da GAD-7 ta auna fargaba mai tambaya bakwai, suna taimakawa idan an bi su tare da shi layi-layi. Ma'aunin gaskiya shi ne canji daga yadda aka san shi, don haka bayanin uwa ko abokin ɗaki na da daraja. Kuskure mafi tsada shi ne a ga yana magana shi kaɗai, fuska ba motsi, a ɗauka hauka ce a ɗora shi kan haloferidol, maganin taɓin hankali, ko makamancinsa, jikinsa ya sanƙare, karatu ya tsaya. Kafin komai a duba ƙarancin jini, maƙoƙo da raunin bayan zazzaɓin cizon sauro, domin duk suna kwaikwayon ciwon damuwa.

Taimako, daga mai araha zuwa mai buƙatar likita

Kundin OMS na 2020 ya nuna ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa 1.6 ne ga kowane mutum 100,000 a yankin Afirka, alhali matsakaicin duniya 13 ne. A Nijar likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne, galibinsu a Yamai. Tsarin da ya ce sai kowane ɗalibi ya ga ƙwararre kafin a taimake shi ba zai kai ko'ina ba.

Matakin farko rage nauyi ne, kuma yawancinsa ba ya cin ko dala. Kujera tabbatacciya a layin gaba kusa da ƙofa, da izinin fita minti goma ba tare da bayani ba. Abin toshe kunne na soso a amfi da resto. Izinin ɗaukar darasi a waya. Dalegen aji ya turo masa duk canjin jadawali a rubuce, kai tsaye, ba cikin zauren WhatsApp mai saƙo ɗari uku ba. Umarnin aiki ya fito a rubuce: shafi nawa, ranar bayarwa, abin da za a duba. A aikin rukuni a yanka masa nasa kason a fili. Ekspoze a bar shi ya yi gaban malami da mutum biyu ko uku kafin gaban aji. A jarabawa, tsarin Faransa ya san ƙarin kashi ɗaya cikin uku na lokaci, jarabawar awa uku ta zama huɗu, amma ga mai otizim ƙaramin ɗaki mai shiru sau da yawa ya fi ƙarin lokaci amfani. Tsarin LMD, wato lisans, masta da dokta, da kansa, mai kiredi 30 a kowane zango da 180 a lisans, yana ba da damar a tattauna da shugaban sashe kan shimfiɗa darussa, domin gama lisans a shekara huɗu ya fi barin ta a shekara ta biyu.

Buƙatar a kai ta a rubuce, a taƙaice, kamar haka: Malam, ina da wahalar jure ƙara da canjin gaggawa, ina roƙon a bar ni in zauna gaba, a kuma ba ni umarnin aiki a rubuce. Buƙata biyu ko uku bayyanannu sun fi dogon tarihi samun amsa.

Barci ma yana cikin wannan mataki. Shayin fada mai zagaye uku da Nescafé na daren jarabawa suna ƙara bugun zuciya, wanda jiki ke fassarawa da tsoro. A tsayar da su daga la'asar, a kuma riƙe lokacin tashi guda ko akwai darasi ko babu.

Mataki na biyu magani ne ta hanyar magana, musamman wanda ke gyara tunani da ɗabi'a, da ake kira TCC a faransanci. Hukumar NICE ta Ingila tun 2012 ta ce a yi wa manya masu otizim shi da gyare-gyare: kalmomi kai tsaye ba karin magana, rubutu da zane, ma'aunin 0 zuwa 10 maimakon neman sunan abin da ake ji, wuri ɗaya da lokaci ɗaya, hutu a tsakani, da shigo da wani na kusa in ya yarda. Wurin da ake ɓata shi shi ne sabawa da abin tsoro a hankali. Dabarar tana aiki idan tsoron na tunani ne, kamar kowa zai yi mini dariya. Ba ta aiki idan ƙarar tana yi masa ciwo da gaske. Tura shi amfi ba toshin kunne don ya saba ƙarin azaba ce kawai. Inda babu masanin halayya, OMS na da shirin PM+ na 2016, zama biyar na minti 90 mako-mako, wanda ma'aikacin da ba ƙwararre ba zai iya bayarwa bayan horo. An gwada shi a Kenya da Pakistan. Ba don masu otizim aka tsara shi ba, sai an yi masa irin waɗancan gyare-gyare.

Mataki na uku ƙwaya ce, ga ciwon damuwa matsakaici ko mai tsanani, ko fargabar da ta hana rayuwa. Jagorar mhGAP ta OMS, wadda aka yi don ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, ta tanadi fuluwoksetin, a fara da miligiram 10 na mako ɗaya sannan 20. Sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin a yanke hukunci ko ya yi aiki, kuma a ci gaba wata tara zuwa goma sha biyu bayan samun sauƙi. Wasu masu cewa bai yi ba tun kafin lokacin suka daina. Ga ƴan ƙasa da shekara 25 akwai gargaɗin ƙaruwar tunanin kashe kai a makonnin farko, don haka ana son ganin likita akai-akai a watan farko, kuma a gaya masa in an taɓa yin kwanaki ba barci cikin zumuɗi da yawan magana. Amitiriftilin ya fi samuwa, amma shansa fiye da ƙima na taɓa zuciya, ba a barin kwalinsa a hannun mai tunanin mutuwa. Diyazefam na kwantar da hankali yau, ya kama jiki cikin ƴan makonni. Tiramol na ƴan talla, idan ya haɗu da fuluwoksetin, yana iya jawo farfaɗiya ko wata mummunar guba mai zazzaɓi da karkarwa.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Wasu malamai na ganin ƙarin lokaci ko ɗaki daban rashin adalci ne ga ɗaruruwan da ke fama da zafi da cunkoso ɗaya, kuma ƙofa ce ga masu neman sauƙi. Damuwarsu na da tushe inda ba a rubuta ƙa'ida ba. Masu ɗaya ra'ayin na cewa tambaya ɗaya ce, ma'aunin maki ɗaya ne, shinge kawai aka ɗauke, kamar gilashin ido. Doka ta fi karkata nan: Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, wadda sashenta na 24 ya tanadi gyara mai ma'ana har a ilimi mai zurfi, kuma akwai dokar ƙasa ta Disamban 2019 kan shigar da masu naƙasa cikin al'umma. Abin da ke rage gardamar shi ne a raba gyare-gyaren gida biyu: waɗanda ba su taɓa maki ba a ba duk mai buƙata, waɗanda suka shafi jarabawa a nemi takardar likita.

Na biyu, a faɗa ko a ɓoye. Iyaye da yawa na tsoron a ce an ga ɗansu a Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Ƙasa, maganar ta bi shi har neman aure, balle in mace ce. Tsoron ba na banza ba ne. Amma wanda bai faɗa wa kowa ba shi ke biyan kuɗin ɓoyon da lafiyarsa. Tsaka-tsakin shi ne a bayyana buƙata ba suna ba, kuma mutum biyu ko uku kaɗai su san cikakken bayani, da yardar ɗalibin, domin baligi ne.

Na uku, malam ko likita. Addu'a da salla a kan lokaci suna ba da tsari da natsuwa, kuma likitoci ba su da dalilin hanawa. Inda ake samun ɓarna shi ne ɗaure mutum, duka, hayaƙi a rufaffen ɗaki, dakatar da magani, ko gaya wa mai ciwon damuwa cewa raunin imani ne ke damunsa.

Lokacin da ba a jira

Idan ya yi maganar mutuwa, ya fara raba kayansa, ko ya daina ci da sha, a tambaye shi kai tsaye: kana tunanin kashe kanka? Tambayar ba ta dasa tunanin, kuma mai otizim ba zai gane zagaye-zagaye ba. Yana iya cewa e da murya ba rawa, fuska ba canji, kada wannan ya sa a ɗauka wasa yake. Kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe ƙwayoyi da piya-piya da maganin ɓera daga ɗakin, a kai shi sashen gaggawa a ranar. Asibitin Lamorde na gefen jami'a, Babban Asibitin Ƙasa na ƙetaren kogi, a Tawa kuma akwai asibitin jiha. Mai rakiya ya riƙe takarda da ke ɗauke da magungunan da yake sha, kwanakin da ya yi ba barci, da abin da ya canza a watan, ya kuma gaya wa ma'aikacin da ya karɓe su tun a bakin ƙofa cewa wannan yana buƙatar wuri mai shiru da tambaya ɗaya-ɗaya.